"Sai Baɗi" Ce Ke Cinye Mana 'Ya'ya

Duk shekara, idan damina ta fara ja da baya aka shiga shirin komawa makaranta, akwai wata magana da ke zagaya gidajen Furfuri da Nahuce da Kwatarkwashi, har ta kai unguwannin Gusau da Tsafe: sunan yaro bai fito ba. An zauna jarrabawar gama firamare, an cike fom, an kai hoto, an yi ta sintiri, daga ƙarshe aka liƙa sunaye a bango, aka duba daga sama har ƙasa, babu shi. Wannan ba shi ne babban abin da ke damuna ba. Abin da ke biyo baya shi ke hana ni barci. Uba zai yi shiru, ya ce Allah bai nufa ba, a bari sai baɗi. Aji shida na fi koyarwa kafin in yi ritaya, kuma abin da idona ya gani shi ne, yaron da aka ce wa sai baɗi, da wuya baɗin ta zo ta same shi da littafi a hannu.

Ba wani sihiri a ciki. Namiji ne, to ga gona, ga girbi ya zo, daga nan sai wani yayansa ya fara ba shi aron kabu-kabu da yamma. Wani kuma ya bi 'yan unguwarsu zuwa ramukan zinari a yankin Maru ko Anka, duk da ba mu manta da gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba. Yaron da ya ɗanɗana kuɗin guminsa yana ɗan shekara sha uku, ba ƙaramin aiki ba ne a sake zaunar da shi a kan benci tare da ƙannensa. Mace ce, sai a aza mata faranti. Kafin shekara ta zagayo an fara sallama da ita a ƙofar gida, dangi sun fara cewa budurwa ba ta zama haka nan. Shi kuwa karatu tamkar wutar murhu yake, in aka daina tura mata icce ba sai an zuba mata ruwa ba. Yawancin yaranmu dama da ƙyar suke haɗa baƙi lokacin da suka bar aji shida. Na sha miƙa wa yaron da na sani yana karanta shafi guda a watan Yuni wannan littafin dai bayan wata goma, in ga yana bin layi da yatsa yana lalube.

Saboda haka maganata ga iyaye guda ce, duk sauran bayani rassanta ne: ranar da aka koma makaranta, ya kasance yaronka yana da wani ajin da zai zauna, ko da ba wanda ka so ba ne, kuma ya kasance ajin da ƙarshensa akwai takardar da hukuma ta sani.

Akwai abu biyu da muke cakuɗawa. Makarantun zaɓe daban, kamar kwalejojin gwamnatin tarayya da makarantun kwana da na kimiyya, waɗanda ke da iyakar kujeru, kuma suna da damar ɗaukar wannan su bar wancan. Haƙƙin yaro na shiga ƙaramar sakandare kuma daban. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, zamanin Obasanjo, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce shekara shida ta firamare da ukun farko na sakandare kyauta ne kuma tilas ne. Har hukunci ta tanadar wa uban da ya ƙi kai ɗansa: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, na gaba naira 5,000 ko wata biyu. To idan doka za ta iya ɗaure uba don bai kai yaro ba, da wane baki hukuma za ta ce wa uban da ya kawo nasa har ƙofa babu wuri? Rashin fitowar suna a makarantar kwana ba ya soke haƙƙin yaro a makarantar je-ka-ka-dawo mafi kusa da gidansu. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba, kuma waɗanda suka sani ba su cika faɗa musu ba.

Wani manomi maƙwabcina ya taɓa samuna bayan sallar la'asar, ya ce, "Malam, sunan yaron ga bai hito ba. Mi za mu yi? Ko in bar shi shi taya ni aiki bana?"

Na ce, "Ka je makarantar?"

Ya ce, "Na tura yayanai ya duba."

Na ce, "Baban yara, duba bango daban, ganin shugaban makaranta daban. Gobe ka sa babbar rigarka mu tafi tare."

Mun karɓi takardar shaidar gama firamare daga hannun hedimasta, muka je. Shugaban makarantar ya nuna mana ajin ɗaya da idonmu, yara har bakin ƙofa, wasu a ƙasa. Bai yi ƙarya ba. Amma ya buɗe rajista ya ce akwai waɗanda aka ba gurbi ba su zo ba, in mako biyu ya cika zai cike wurarensu, mu bar sunan yaron. Haka aka yi. Ba mu ba kowa ko kwabo ba. Abin da na lura da shi tun daga nan, kusan kowace makaranta tana da irin waɗannan guraben na waɗanda ba su bayyana ba, kuma wanda ya zo da ƙafarsa ya tsaya shi ke samu. In shugaban makaranta ya ce ya fi ƙarfinsa, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, akwai kwamitin kula da makaranta da ake kafawa da mutanen gari, akwai hakimi. Kuma iyaye goma da suka rubuta sunayen 'ya'yansu a takarda ɗaya suka tafi tare, ba a sallamarsu da "ku dawo jibi" yadda ake sallamar mutum ɗaya.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin kunyar da ya kamata mu riƙa tunawa. A 2013 aka bayyana makin da kowace jiha ke buƙata don shiga kwalejojin tarayya. Ɗan Anambra sai ya ci 139 cikin 200. Ɗan Zamfara 4, 'yar Zamfara 2. Jaridun kudu sun yi ta yi mana dariya, wasu kuma suka fusata, kuma ba zan ce fushinsu ba shi da dalili ba. A 2018 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fito ta koka cewa yara 28 kacal aka yi wa rajistar wannan jarrabawa daga jihar nan baki ɗaya. Jihar da ke da kwalejin tarayya a Anka, da ta 'yan mata a Gusau. Ma'anar wannan ita ce, a daidai lokacin da uba a Bingi ko Rawayya yake cewa ba a ba ɗansa wuri ba, akwai kujerun da aka ware da sunan jiharsa, ba wanda ya nema. Hukumar NECO ke shirya jarrabawar, ta intanet ake rajista, kuma manomi ba zai san ranar buɗewa da rufewa ba sai an gaya masa. Wannan aikin hedimastoci ne, mu ne ya kamata mu riƙa shelanta shi a masallaci tun watanni kafin lokaci. Ba ina cewa kwalejin tarayya ta kowa ba ce. Ko da an ce karatu kyauta ne, akwai kuɗin kwana da yunifom da littattafai da ke kayar da talaka. Amma gara mutum ya san ƙofa ya kasa shiga, da a ce bai taɓa jin akwai ta ba.

Wanda zai yi maganar gurbin sakandare a Zamfara bai ambaci tsaro ba, bai fara ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar je-ka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar gaba ɗaya. Wasu sun daɗe ba a sake buɗe su ba. A lokaci guda kuma ƙauyuka suka watse, jama'a suka kwararo Gusau da Bungudu da Tsafe da 'ya'yansu. Kujeru suka ragu, masu nema suka ƙaru, a wuri ɗaya. Shi ya sa ba na saurin zargin shugaban makarantar da ya ce aji ya cika, kuma ba na ganin laifin uwar da aka ba 'yarta makarantar kwana mai nisa ta ce a kai kasuwa. Ita ta san daren da za ta riƙa kwana ido biyu.

Irin wannan uwar tana da tsohuwar hanyar da iyayenmu suka bi, wato riƙo. A kai yarinya wajen gwaggo ko kawu a cikin Gusau ta riƙa zuwa je-ka-ka-dawo. Mu a Furfuri ma abin ya zo mana da sauƙi, gari na kusa, uba zai iya leƙawa ranar Juma'a ya dawo. Sai dai a faɗi gaskiya tun farko, da baki, a gaban shaidu in ta kama: karatu aka kawo ta, ba wanke-wanke da raino ba. A riƙa aika ɗan hatsi da kuɗin sabulu don kada ta zama nauyi, a kuma riƙa buɗe littafinta ana duba kwanan wata. Na ga 'yan riƙon da suka zama malaman asibiti, na kuma ga waɗanda aka mayar bayi da sunan zumunci.

Makarantar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba. Mai hali ya kai ɗansa, Allah ya sa albarka. Marar hali kuwa ya yi lissafin zango tara, ba zango ɗaya ba, don abin da na fi gani shi ne a sayar da tunkiya a biya na farko, a ci bashin na biyu, a na uku a koro yaro, makaranta kuma ta riƙe takardunsa. Ya tambaya kuma ko gwamnati ta yi wa makarantar rajista, da inda ɗalibanta ke zana jarrabawar aji uku. Gidan haya mai ɗaki huɗu da allo mai ƙyalli a ƙofa bai isa shaida ba.

Inda nake so a tsaya a yi tunani sosai shi ne ɓangaren Arabiyya, domin nan ne zuciyar mafi yawan iyayenmu ta fi kwanciya, kuma nan ne aka fi yin asara saboda rashin sani. Idan suna bai fito ba, uba yakan ce to ya je Islamiyya. Madalla. Amma wace Islamiyyar? Ta yamma, wadda ake yi bayan la'asar, alheri ce, kuma kowane yaro na buƙatarta, sai dai ba ta maye gurbin sakandare. Akwai kuma makarantun Arabiyya da na haddar Alƙur'ani masu tsarin aji-aji, waɗanda ke haɗa Larabci da fiƙihu da Turanci da lissafi, ɗalibansu kuma su zana jarrabawar hukumar NBAIS. Wannan hukuma ba baƙuwa ba ce. Tushenta tun zamanin Sardauna, ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya aka amince da takardarta a faɗin ƙasa. Mai riƙe da ita yana iya zana JAMB ya nemi jami'a ko kwalejin ilimi, ya karanta shari'a ko Larabci ko koyarwa. Yara biyu za su iya shafe shekara shida suna karanta littattafai kusan iri ɗaya, ɗaya ya fito da takardar da za ta kai shi gaba, ɗaya ya fito da walimar sauka kawai. Bambancin tambaya ɗaya ce da uba zai yi wa shugaban makaranta ranar farko: ɗalibanku wace jarrabawa suke zanawa a ƙarshe, kuma ina waɗanda suka gama bara? Ban raina karatun zaure ba, a cikinsa na tashi. Amma wanda ya haddace Alƙur'ani ya fi kowa cancantar a ba shi takardar da zai nemi aiki da ita, maimakon ya ƙare yana jiran sadakar suna da ɗaurin aure.

Ga sana'a kuma. A nan nakan saɓa da wasu abokaina 'yan boko masu ganin kai yaro gareji faɗuwa ce. Kanikawa da masu walda da teloli da masu haɗa sola da na sani a Gusau, da yawansu sun fi ni rufin asiri, ni da na yi ritaya ina jiran fansho. Inda na saɓa da ɗaya ɓangaren kuma shi ne masu cewa tunda zai koyi sana'a, karatu ya ƙare. Ka shiga Bebeji Plaza ka tsaya kan mai gyaran waya. Zai cire allon wayar, ya karanta lambar da ke jiki, ya buga ta a intanet, ya kalli bidiyon da wani ya yi da Turanci, sannan ya ɗauki abin narka dalma. Yaron shagonsa da ba ya iya karanta wannan lambar zai shekara yana goge gilashi da sayo abinci. Haka mai walda da tef ɗinsa na awo, haka tela da littafin da yake rubuta ƙugu da tsawo. Ɗan shekara sha biyu ƙanƙane ne a ce an rufe masa littafi. Abin da ya dace shi ne a raba masa yini, aji da safe, shago da yamma, kuma a yi wannan sharaɗin da ubangidansa tun ranar da aka kai shi. Idan ya girma a hannu, a nuna masa cewa sana'a ma tana da takarda. Akwai hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 don jarrabawar fasaha da kasuwanci, akwai kuma gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku. Da irin wannan takardar ake ɗaukar mutum aiki a kamfani ko a ba shi kwangila, wanda ya fi shi iya aiki kuma yana tsaye a waje.

In duk waɗannan sun faskara, a mayar da yaro aji shida ya maimaita. Na san iyaye na jin kunyar wannan, yaran ma haka, za a ce an bar shi a baya. Kunyar mako biyu ce. Yaron da ya maimaita yakan shiga sakandare yana karatu da rubutu fiye da waɗanda suka riga shi, kuma sunansa na nan cikin rajista, hedimasta zai tura shi da 'yan shekarar. Da babu gara ba daɗi.

Game da 'ya'ya mata zan ƙara kalma biyu. A Tsafe akwai kwalejin kimiyyar lafiya, a Gusau akwai kwalejin ilimi ta tarayya ta fasaha wadda mata zalla take ɗauka. Duka biyun ba sa karɓar kowa sai da sakamakon kammala sakandare. Yarinyar da aka ajiye a gida bana saboda suna bai fito ba, an rufe mata waɗannan ƙofofin tun tana 'yar sha biyu, alhali suna cikin jiharta, wata ma motar naira kaɗan ce tsakani. Wadda kuma aure ya riga ya zo mata, a sa komawa makaranta cikin abin da za a tattauna da dangin miji kafin a shafa fatiha, kamar yadda ake tattauna sadaki da ɗaki. Akwai ajujuwan matan aure da na yaƙi da jahilci, akwai kuma jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu da ba ta tambayar shekarun mutum. Wannan ƙasa ce da Nana Asma'u ta riƙa tura malamanta mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure a cikin gidajensu tun ƙarni na 19. Ba baƙon abu muke roƙo ba.

Yanzu ga hukuma. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamba 2023, an biya bashin WAEC da NECO da ya sa aka riƙe sakamakon ɗalibanmu shekaru, an kuma gyara gine-gine da dama. Wanda ya ga wannan ya ce ba a yi komai ba, bai yi adalci ba. Amma fenti da kwano ba su amsa tambayar da nake yi ba. Yara nawa ne suka gama aji shida bana a ƙaramar hukumar Bungudu, kuma kujeru nawa ne a ajin ɗaya na ƙananan sakandarenta? Lissafi ne da kowane sakataren ilimi zai iya yi cikin mako guda, don hedimastoci na da rajista. A yi shi, a karanta a rediyo, gunduma-gunduma. Inda aka ga giɓi, maganinsa ba sai an jira sabon gini ba. A raba makaranta biyu, 'yan safe da 'yan rana, kamar yadda aka sha yi a manyan garuruwa. A buɗe ajin ɗaya na sakandare a harabar manyan firamare, tunda doka ma ta ɗauki shekara taran a matsayin abu guda. A kuma daina barin uba da yawon neman wuri: kowane yaro ya bar aji shida da takarda a hannu mai ɗauke da sunan makarantar da zai je. Wanda ya ci zaɓen makarantar kwana ya tafi can, wanda bai ci ba ya san inda benci ke jiransa.

Kafin hukuma ta yi nata, 'yan uwana hedimastoci da malaman aji shida, rajistar bara tana cikin durowarku. Ku buɗe ta, ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ku gano wanda ke aji da wanda ke gida, ku kai wa mai unguwa da liman sunayen na gida. Ku kuma iyaye, wanda sunan ɗansa bai fito ba bana, kada ya tura yaro duba bango. Ya karɓi takardar shaida wajen hedimasta, ya nemi maƙwabtansa masu irin matsalarsa, su tafi makarantar da ƙafarsu ranar Litinin mai zuwa.